Ƙulle-ƙullen Kaka da Kajin Gidanmu

Ni na shanya magungunan Kaka a tabarma ɗaya, na tafi kallon ƙwallo. Gara in faɗa da bakina tun farko, don in aka bar wa ƙanwata labarin, cewa za ta yi da gangan na yi.

Kaka mahaifiyar Baba ce. Da bazara aka kawo ta Tawa daga ƙauyenmu na wajen Takanamat, saboda kanta yana juyawa. A gidan likita aka ɗaura mata abin nan mai matse dantse, aka ce tansiyonta ya hau, wato hawan jini, ga kuma sukari. Aka ba ta ƙwayoyi, fara da safe, ƴar ja da marece. Amma abin da ya fi damun ta ba a ba shi ƙwaya ba. Gabanta ne ke faɗuwa. Tana zaune lafiya lau, sai ta dafe ƙirji ta ce wani abu ya faru a gida. Ko rumbu ya kama wuta, ko jar akuyarta ta ci leda, ko ruwa ya sauka an yi shuka babu ita. In ɗan kabu-kabu mai babur ya yi hon a ƙofar gida sai ta fara salati tun kafin a ce mata an yi mutuwa, alhali mai kawo burodi ne.

Baba ya yanke hukunci. Ba za ta koma ƙauye ba sai tansiyon ya sauka, gaban kuma ya daina faɗuwa. Ita ko so take ta koma kafin shuka, don tun tana amarya ba a taɓa zuba iri a gonarta ba tana wani gari. Ni ma ina goyon bayanta da zuciya ɗaya, saboda ɗakina aka ba ta, ni kuma aka mayar da ni zaure tare da babur ɗin Baba da sauro masu girman fara.

"Angona," take ce mini, "wane irin miji ne kai? Matarka na ciwo, ko tsire ba ka kawo ba."

"An hana ki gishiri, tsohuwa. Ki warke ki ba ni ɗakina, in ga dama in sake ki."

"Sake ni mana. Wa za ya kwashe ka da kunnuwan ga?"

To a wurinmu ba a zuwa gaida marar lafiya hannu sake. Duk wanda ya ji ana maganar faɗuwar gaba yana da maganinta. Goggo, ƙanwar Baba, ta kawo garin sabara. Wani tsohon Buzu daga wajen Tebaram, aminin marigayi kakana, ya kawo tazargade da wani abu da ya ce a zuba a garwashi ta shaƙi hayaƙin. Maƙwabciyarmu ta kawo na wanka. Mai facin taya na bakin layinmu ya kawo wanda ake haɗawa da jar kanwa da zuma, ya ce shi ya tayar da surukarsa bayan an fara kiran dangi. Kowane a dake yake, kowane a ƙulle cikin tsumma, kuma da launin tsumman Kaka ke gane su. Ja na sha ne da safe. Shuɗi na hayaƙi. Baƙi na wanka. Sauran ni ma na manta.

Kaka ba ta iya mayar da kyauta, kuma ba ta iya ƙarya. Ta san duk wanda ya kawo zai dawo ya ce, "Kin sha?" Don haka kowane sai ta taɓa shi. Ni nake tafasawa, ni nake tacewa, har na fara jin kaina boka.

Wata rana Inna ta shinshina ɗakin ta ce ƙulle-ƙullen nan sun fara warin damshi, in fitar da su su sha rana. Na kwance su, na zuba kowane a tsibinsa a kan tabarma, na ajiye tsummansa kusa da shi. Har na yaba wa kaina. Sai na ji ihun yara a fili, na ce bari in leƙa in dawo. Da na dawo, kajin gidanmu sun gama nasu wasan. Sun tone, sun yi birgima, zakara yana tsaye a tsakiya kamar shi ya ci kofi. Tsummokaran kuma iska ta tara su a gindin randa.

Na tsuguna na duba. Gari kore, gari mai ruwan ƙasa, gari kore mai ruwan ƙasa. Na shinshina har na yi atishawar da ta ƙara gauraya su. Daga nan na yi abin da nake ganin kowane mai hankali zai yi, na raba da ido, na ƙulle kowane kaso a tsumma, na mayar ɗaki. Na ce a raina ai duk magani ne, kuma ciki ɗaya za su.

Kwanakin da suka biyo baya ban gane komai ba. Ran farko Kaka ta yi barci har hantsi, ta tashi tana waƙar daka. Na ce shi ke nan, na gano maganin da duniya ke nema. Washegari ta ce bakinta ɗaci kamar ta tauna maɗaci, gabanta kuma ya fi kullum faɗuwa. Da na zuba na shuɗin tsumma a garwashi, hayaƙin ya kore mu duka waje, har da kajin. Ta yi wanka da na baƙi ta ce yana ƙanshin shayi. Duk sanda ta dafe ƙirji sai ni ma nawa ya buga. Kafin mako ya zagayo masu faɗuwar gaba a gidan sun zama biyu, ɗaya ne kawai ake yi wa sannu.

Sai ranar da ta miƙe da hantsi za ta ɗebi ruwa, ta yi tangaɗi, ta zauna daɓas a gindin randa. Idonta a buɗe amma ba mu take kallo ba. Inna ta saki muciya ta yi kanta. Ni kuma bakina ya buɗe da kansa.

"Kaji ne! Wallahi kaji ne!"

Baba da ya fito da gudu ya tsaya. "Kaji sunka kada ta?"

Haka na zayyana komai, ina kuka ina rantsuwa. Kafin a samo mota labari ya fita, masu magani suka taru a tsakar gida, aka kwance ƙulle-ƙullen a gabansu don kowa ya nuna nasa. Goggo ta ɗanɗana na jan tsumma ta ce wannan ba sabararta ba ce, sabararta ba ta da gashin kaza. Maƙwabciya ta ce nata ko an sha ba ya kisa, sai dai gudawa. Mai faci ya ce nasa ne ya riƙe ta, da ba don shi ba da tuni. Tsohon Buzu, wanda ya shigo gari cin kasuwa, ya murza garin a tafin hannu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Akwai nawa ciki. Akwai na wasu. Akwai ƙasa." Ba wanda ya iya cewa ga abin da Kaka ta sha.

Muka kwashe ta da ƙulle-ƙullen zuwa gidan likita. Majo, wato babbar ma'aikaciyar jinya, wata mata mai tabarau, ta auna ta, ta sa ta kwanta, aka ba ta ruwa. Da Kaka ta dawo daidai, majo ta zube tsummokaran a tebur ta dube ni.

"Kai ne likitan?"

Na ce ni mai tafasawa ne kawai.

Ta yi wa Baba bayani ina saurare, ko da yake rabi ya wuce ni. Ta ce wasu ganyayen suna saukar da tansiyo kamar yadda ƙwaya ke yi, in sun haɗu sai ya faɗi fiye da kima. Kanwa kuma ɗaga shi take, zuma tana ɗaga sukari. Jikin tsohuwa ana jan sa gaba ana jan sa baya. Ta ce ko da kaji ba su taɓa ba, bai kamata a haɗa mata wannan taron da ƙwayoyinta ba tare da an zo an tambaya ba. Na fara jin sanyi a raina. Sai ta juya wajen Kaka.

"Iya, ƙwayar marece fa, kina sha?"

Kaka ta gyara kallabi. "Ran da maganin mutane ya yi yawa, nikan bar ta. Ciki ba ya da wuri, ɗiyata. Ita ƙwaya ba ta zuwa ta tambaye ni ko na sha."

Baba ya riƙe kai. Ni dai na rasa inda zan ajiye laifin. Nawa ne, ko na kaji, ko na masu kawowa, ko na Kaka? Majo ma ba ta ce ga wanda ya kada ta ba. Ta ce ba za a iya sani ba. Ta hana ƙulle-ƙullen duka, ta ce in Kaka na son wani abu mai ɗumi a tafasa mata ganye iri ɗaya tak marar ƙarfi, a kawo wa ita majo ta gan shi tukuna. Masu tambaya kuma a ce musu likita ce ta hana, kunyar ta hau kan ita majo. Sannan ta ja kujera ta tambayi Kaka me take tsoro. Kaka ta fara da rumbu, ta bi ta kan akuya, ba ta tsaya ba sai da masu jira a waje suka fara leƙowa.

Ruwa ya sauka Kaka tana Tawa. Ƙanen Baba ne ya shuka gonarta, ta yini ba ta yi wa kowa magana ba, har ni angonta. Daga baya Baba ya sa aka ɗoro jar akuyar a saman motar kasuwa aka kawo ta, aka ɗaure ta inda Kaka za ta riƙa ganin ta daga ƙofar ɗaki. Akuyar ce ta cinye ragowar garin da Inna ta zubar bayan ɗaki, ba abin da ya same ta.

Tansiyon ya daidaita a hankali. Faɗuwar gaban ta ragu, amma ba ta tafi duka ba, har yau in an buga ƙofa takan zabura. Sai bayan girbi Baba ya mayar da ita ƙauye, da akuyarta da ƙwayoyinta. Na koma ɗakina, yana ta warin tazargade.