Sunan da aka yi a tsohon kantin gyaɗa

Shekarun baya, ina da cikin fari a Magariya, abin da ya fi damuna ba haihuwar ba ne. Bangon ɗakina ne. Tsaga ce ta taso daga ƙasa ta bayan gado, kullum da safe sai na sa yatsa in ji ko ta ƙaru. Maigidana yana dariya, wai na zama magini ba lada.

Mahaifiyata ta rasu tun ina ƙarama, shi ya sa ban je wankan gida ba. Goggona ce, ƙanwar babana, ta zo daga Dungas ta yi mini wankan jego. Na sauka tsakiyar damina, aka samu 'ya mace. Kafin suna aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, gari ya waye hannuna gaba ɗaya yana shiga tsagar.

Maigidana yana tsaron mangazar ajiyar wake ta wani alhaji a tsohon kantin nan na bakin babbar hanya. Duk ɗan Magariya ya san shi, ginin dutse mai ƙofar ƙarfe da dogon dakali. Maigidan ya tsaya daga bakin ƙofar ɗakina, saboda kunyar Goggo, ya ce alhaji ya yarda mu zauna ɗakin baya har ruwa ya ɗauke.

Na ce wallahi ba da ni ba. Tun ina amarya matan unguwa suka faɗa mini kantin nan da mutanen ɓoye. Ni kaina na sha jin kukansu idan na kai wa maigidana abinci, wani dogon fito daga sama kamar ana kiran mutum. Jaririya ɗanya, ko suna babu, in kai ta gidan iskoki? Na fashe da kuka.

Goggo ta duba bango, ta dube ni.

"Ke 'yar nan, iska dai sai an ce tana nan. Wannan kuwa ga shi kina gani. Ki ce wa maigidan ya nemo amalanke."

Yana tsaye yana jin ta, amma sai da na maimaita masa.

Na shiga kantin da ƙafar dama, ina karanta duk abin da na iya, na ƙanƙame yarinya har ta yi ƙara. Goggo kuwa sai ka ce gidan ubanta ta shigo. Ta buga dakalin da tafin hannu ta ce nan suke sauke jakuna tana yarinya, ita da kakana, su kawo gyaɗa tun daga gona. Wani kamfanin Nasara ne ya gina shi. Ta nuna mini ramin da babban ma'aunin ƙarfe yake a da, ta ce buhuna a waje har sun fi ginin tsawo. Shekarar da fari ya kashe gyaɗa aka kulle shi. Daga baya nan aka raba hatsin agaji, ta yi layi da goyo a bayanta. Sannan ya zama gidan kallon bidiyo, malamai suka yi ta faɗa har aka rufe.

Tana cikin magana sai iska ta taso, fiton nan ya soma. Na zube kan buhu.

"Goggo, kin ji su ko? Kin ji su!"

"Na ji su sarai. Ki ce wa maigidan ya hau buhunan can ya cusa tsumma a ramin nan na ƙarƙashin kwano."

Ya hau, ya cusa. Shiru. Ya zare, fito ya dawo. Ya sake cusawa yana ƙunshe dariya.

"Ramin shan iskar gyaɗa ne, don kada ta ruɓe," in ji Goggo. "Tun ina da haƙora yake wannan kukan. Ki ce ya cire tsumman, kada mu dafe."

Kunya ta hana ni ɗaga kai. Amma gaskiya ranar ban bar yarinyar ta sauka daga cinyata ba, ko da na gani da idona.

Washegari da hantsi maƙwabciyarmu ta zo a guje, zani a hannu. Bangon ɗakina ya faɗi. Da na je daga baya na ga inda ya danne, daidai inda nake shimfiɗa jaririyar.

A kantin aka yi suna. A bayansa Goggo ta kafa tukunyar wanka da ganyen darbejiya, a dakalin aka raba goro da dabino. Matan da suka tsorata ni duk sun zo, sun sha kunun kanwa har da ƙari, babu wadda iska ta taɓa. Goggo ta bi su da ludayi tana cewa, "A ƙara mana, masu gidan sun ce ba sa sha."

Har yau ni mai tsoro ce, ban canza ba. Sai dai yanzu idan abu biyu suka tsorata ni, nakan tsaya in duba wanne ne zan iya taɓawa da hannu, in fara da shi.

Yarinyar tana lakwal yanzu, makarantar boko, mun koma Waca, Goggo kuma Allah ya yi mata rasuwa. Na ji an ce magadan mai kantin za su rushe shi su yi ƙananan shaguna. Nasu ne, ba ni da ta cewa. Roƙona ɗaya: wanda ke Magariya kuma wayarsa ta salula na ɗaukar hoto mai kyau, don Allah ya ɗaukar mini gabansa da ɗakin bayan ya turo mini. Ina so 'yata ta ga inda aka raɗa mata suna.