Uwar Kwalabe da Fili na Bakwai

Haihuwa da asali

An haifi marigayiyar, wadda abokan aikinta suka fi sani da Uwar Kwalabe, a shekarar 1952, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo, inda jirgin kaya ke tsayawa sau biyu a mako. Mahaifinta mai awon hatsi ne a tashar jirgin, mahaifiyarta kuwa tela ce mai ɗinki a cikin gida, kuma ita ce ta uku a cikin 'ya'yansu shida. 'Yan uwanta sun shaida cewa tun tana ƙarama hankalinta ba ya kwanciya: idan aka kulle ƙofa sai ta koma ta taɓa kwaɗon, idan aka aike ta sai ta dawo daga rabin hanya ta sake tambayar saƙon. Mahaifinta, wanda shi ma bai taɓa yarda da sikeli ba sai ya auna sau biyu, yakan ce a ƙyale ta, gado ta yi.

Karatu

Ta shiga firamare a 1959, ta wuce sakandaren 'yan mata ta kwana a 1966, sannan ta sami gurbi a jami'a a 1971, inda ta karanta aikin gona. A 1978 ta kammala digiri na biyu a kan kimiyyar ƙasar noma, wato nazarin abin da ke sa gona ta yi albarka ko ta mutu. Mahaifiyarta ba ta gushe tana yi mata tsiya ba, tana cewa ta sha wahala tana wanke mata ƙasa daga jiki, ga shi yanzu ta girma tana zuba ta a jaka.

Fara aiki da kafa filayen gwaji

A ƙarshen 1978 aka ɗauke ta aiki a wata cibiyar binciken noma da ke bayan gari, kuma a 1981 ta kafa gwajin da ya zama aikin rayuwarta. Ta yanka filaye goma sha biyu a jere, aka kafa musu turaku, ana shuka musu masara iri ɗaya. Wasu ana sa musu takin zamani, wasu takin dabbobi, wasu ana sauya musu shuka da wake, wasu ana barin karan a kansu ya ruɓe. Fili na bakwai shi kaɗai ba a sa masa komai, domin da shi ake gwada sauran. In babu shi, ba a iya cewa wannan hanya ta gyara ƙasa ko waccan ta ɓata ta. Kowace shekara, kafin ruwan farko ya sauka, takan haƙo ƙasa daga kowane fili da ƙarfe mai murɗawa, ta shanya, ta tankaɗe, ta zuba a kwalba, ta rubuta shekara da lambar fili da hannunta. Daga nan ta samo laƙabinta.

Matsalar da ta hana ta sukuni tun daga farko ita ce, ƙasa ba ta ba da amsar da za a dogara da ita sai bayan shekara ashirin a jere, tallafin bincike kuwa na shekara uku ne. Ma'ana, sau bakwai za ta roƙa, kuma ƙi ɗaya ya isa ya rushe komai.

Aure da haihuwa

A 1982 ta auri wani malamin lissafi na sakandare, mutum mai sanyin hali wanda ba a taɓa ganin ya yi sauri ba. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu tsakanin 1983 da 1991. Yaran sun tashi sun san cewa a gidansu ba a murna da hadari sai an tambayi Mama ko ta gama ɗibar ƙasa. Mijin yakan gaya wa baƙi cewa 'ya'yansu goma sha shida ne, huɗu a gida, goma sha biyu a bayan gari, kuma na bakwai ɗin nan da ba a ba shi abinci shi ne ɗan lele.

Shugabancin ofishin tallafi

A 1989 hukumar cibiyar ta ɗora mata alhakin kula da dukkan tallafin binciken noma mai ɗorewa, ba tare da an sauke mata aikin ɗakin gwaje-gwaje ba. Ta karɓa ba don sha'awar muƙami ba, sai don ta lura cewa wanda ke riƙe da takardun neman tallafi shi ne ke fara jin labari idan za a yanke wani aiki. Ofishin ƙaramin ɗaki ne mai taga ɗaya, da kabad biyu na ƙarfe, da babbar kalanda wadda ta cika da da'irorin jan biro, kowace da'ira wa'adin wani rahoto ne. Da safe tana cikin farar riga tana tankaɗe ƙasa, da rana tana bin masu bincike ɗaki ɗaki tana karɓar rahotanninsu, har ta kai suna canza hanya in sun hango ta a baranda. A shekarun da ta riƙe ofishin babu rahoto ko ɗaya da ya makara, amma a lokacin ne ciwon gyambon ciki ya kama ta, bai kuma rabu da ita ba.

Al'amarin 1997

A 1997, saura shekara huɗu gwajin ya cika, sakamakon ɗakin gwaje-gwaje ya nuna cewa fili na bakwai yana ƙara ƙarfi maimakon ya ci gaba da ramewa. Ta zargi sikeli, ta zargi magungunan gwaji, ta maimaita awon har sau biyar. Daga bisani ta je filin da kanta ta tona da hannu, ta tarar da busasshen kashin awaki a ƙarƙashin ƙasa.

Shugaban ma'aikatan gonar, wanda ake kira Dogo, bai yi musu ba. Manomi ne ɗan manomi, kuma shekara goma sha uku yana kallon masarar filin tana fitowa rawaya, iya gwiwa, a tsakiyar filaye masu kore shar, har abin ya fi ƙarfin zuciyarsa. Damina uku yana kawo taki daga gidansa a buhu yana turbuɗewa. An adana abin da ya faɗa daga baya a gaban kwamitin bincike: "Wallahi, Malama, ba ɓarna na yi nufi ba. Kunya nake ji mutane su wuce su ga gonar da nake kula da ita a haka. Na ɗauka mantawa ake yi da ita."

A wannan watan ne ya kamata ta aika da rahoton neman sabunta tallafi, kuma babu wanda ya san abin da ya faru sai ita da Dogo da mijinta. Kwana goma sha ɗaya takardar tana kan teburinta. Ta rame, ta daina cin abinci, ta rubuta rahoton iri biyu, ɗaya da labarin takin, ɗaya babu. Mijinta ya ba da labari cewa da ta nemi shawararsa abin da ya ce kawai shi ne: "Ke da kike komawa ki taɓa kwaɗo, yaya za ki yi da wannan har shekara ashirin?" Ta aika da mai gaskiyar, saura kwana ɗaya wa'adi ya cika.

Shekarun da babu tallafi

Gidauniyar da ke ɗaukar nauyin aikin ta yaba da amanarta a sakin layi ɗaya, ta dakatar da tallafin a sakin layi na biyu. Hukumar cibiyar, wadda ta daɗe tana son wurin don gina gidajen ma'aikata, ta amince a bar filayen bisa sharaɗi guda a rubuce: a sake lissafi daga 1999, a ɗebi ƙasa shekara ashirin a jere, kuma duk shekarar da aka tsallake, a tumɓuke turakun. An so a kori Dogo, ita ce ta hana, bisa hujjar cewa a duk cibiyar yanzu babu wanda ya fahimci amfanin fili na bakwai kamarsa.

Kusan shekara huɗu babu tallafi, ita da mijinta da 'ya'yanta da Dogo suka riƙa shuka da shara da girbi a ranakun hutu. A nan babbar 'yarta ta koyi murɗa ƙarfen haƙa da tankaɗe ƙasa, tana yi tana gunaguni. A 2001 wata gidauniya ta karɓi aikin, aka sabunta shi sau biyar bayan haka, kuma kowace sabuntawa sai da ta kwantar da ita asibiti ko ta kusa.

Ritaya da shekarun ƙarshe

Ta yi ritaya a 2012, aka yi mata walima, aka ba ta agogon bango, washegari kuma aka gan ta a cibiyar da ƙarfe bakwai na safe. Ta ci gaba da rubuta wa magajinta takardun neman tallafi ba tare da albashi ba, tana kiransa a waya ta tuna masa wa'adin da ya riga ya sani. Dogo, wanda shi ma ya yi ritaya, ya mayar da gindin wata bishiya da ke kallon fili na bakwai wurin zamansa, yana korar awaki da sanda, har tsuntsu ba ya so ya sauka a wurin.

Mijinta ya rasu a 2015. Daga nan jikinta ya fara rauni, fargabarta kuma ta ƙaru. A farkon 2018, shekarar ɗiba ta ashirin kuma ta ƙarshe, ta sa aka kawo mata kwalabe goma sha biyu har gadon asibiti, ta rubuta musu shekara da lambobi da hannunta. Masu jinya sun ce ba ta tambayar likita sakamakon gwajin jininta, taga kawai take sa a buɗe mata ta duba sama.

Wafati da jana'iza

Allah ya yi mata rasuwa da safiyar wata Talata a 2018, tana da shekara sittin da shida, saura kwana huɗu ranar da cibiyar ta tsayar don ɗibar ƙasa. An yi jana'izarta da hantsi, aka binne ta kusa da mijinta. Ba a daɗe da dawowa daga maƙabarta ba hadari ya haɗo daga gabas, na farko a shekarar, alhali magajin nata yana wani taro a nesa, ma'aikatan cibiyar kuma duk suna gidan rasuwa.

Masu ta'aziyya sun ga Dogo, yana dogara sanda, ya tsaya a bakin ƙofa ya aika a kira babbar 'yar marigayiyar. Ta fito, ta dubi sama, ta koma ɗakin mahaifiyarta ta ɗauko kwandon kwalabe. Gwaggonta ta riƙe mata hannu tana cewa ina za ta a irin wannan rana, mutane za su yi magana. Ta ce: "Gwaggo, su yi. In ruwan nan ya riga mu, yau sau biyu za mu binne ta." Ita da Dogo suka nufi filayen, suka fara da fili na bakwai, suka gama na ƙarshe yayyafi na sauka a kan murfin kwandon.

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: babbar, malamar firamare, mai bi mata, injiniyan ruwa, na uku, mai sayar da magani, da autarsu, ma'aikaciyar jinya, tare da jikoki tara. Kwalabenta suna nan a jere a kan kantoci, a ɗakin ajiya na cibiyar, daga 1999 zuwa 2018, babu gurbin shekara ko ɗaya. Allah ya jiƙanta, ya ba ta kwanciyar hankalin da ba ta samu a duniya ba.