Gilashin da Kaka ta Tsira da Shi

Har yau in na ji warin dalma a shagon masu gyaran waya, sai in tuna baya. Zauren Baffa nake tunowa, a Haɗeja, shekarar da ruwa ya ci ƙauyenmu.

Ina yaro mahaifina ya rasu. Malamin makaranta ne, abin da ya bari bai wuce littattafai da wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ba. Marfinta ya ɓalle, waya ce kawai ta riƙe shi da gindin. A cikinta duk hotunansa suke, ba mu taɓa wanke ko ɗaya ba. Kowace Juma'a Umma takan kunna wa Kaka, ta zauna a tabarma ta kalli ɗanta, ta shafa gilashin da gefen mayafi.

Da damina ta yi nisa kogi ya ɓalle. Ya shanye shinkafar fadama, da hantsi kuma sai ga shi a tsakar gida. Mai kwalekwale yana ta ihu a rage kaya. Ban ga lokacin da Kaka ta koma ɗaki ba, na dai ga ta fito, ruwa har ƙugu, da abu naɗe a zane a kanta. Gilashin ta fizge, ta bar gindin. A wurinta wannan nauyin banza ne, tunda ba ta taɓa ganin ɗanta a can ba.

Gidan Baffa, ƙanen mahaifina, muka sauka. Shi mai gyaran rediyo da talabijin ne. Da ya warware zanen, sai ya dubi Kaka.

"Inna, ina sauran?"

"Wane saura? Ga shi nan na kawo maka shi. Kunna."

Ina jin Baffa ya san gaskiya tun a ranar, ban dai tabbata ba. Duk da haka ya aika Kano aka sayo wani ɗan allo mai wayoyi, kafinta ya yi wa gilashin gida na katako, ya jona shi da akwatin wata kwamfutar tebur da ke jibge a zaure. Ya kwashe kwanaki yana liƙi da dalma. Kaka takan leƙo da kwanon fura.

Ran da ya kama, haske ya kawo tas, ko tabo babu. Shuɗi kawai. Kaka ta gyara zama, ta goge shi da mayafi, ta jira.

"Bai zo ba," ta ce.

"Sanyin ruwa ne, Inna. Sai a hankali."

Kada ka ga laifinsa, ni ma da na girma na gane a gindin da aka bari hotuna suke zama, ban faɗa mata ba. Kowace Juma'a ana kunna mata, har ta rasu.

A kan gilashin nan na koyi kwamfuta, a kansa na buga aikin kammala jami'a, yanzu kuma takardun neman aiki nake ta bugawa. Yaran yau kowa da hoton ubansa a waya, ruwa ko ya ci wayar hoton yana nan. Ni kuwa in an tambaye ni kamannin mahaifina, sai in ce wataƙila yana kama da Baffa. Ranar Juma'a ina goge gilashin kafin in kunna.