Ni da Kaka da Kwanon Fura, Gada Uku a Rana Ɗaya

Mun tashi da asuba daga gidanmu a unguwar Alsawra da ke Umdurman, ni da Kaka da kwanon fura, kuma a cikinmu ukun nan kwanon ne kaɗai bai yi mini faɗa ba kafin mu kai bakin titi.

Ga waɗanda ba su san abin da ya fitar da ni ba, laifin kawuna ne. Ya daɗe yana aikin ba da magani a wani ƙaramin asibiti can ƙarshen arewacin Kanada, cikin mutanen da ake kira Inuwit, inda ya rantse in ka tofar da yawu kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa. Da ya zo hutu, maimakon ya raba tsaraba ya kwanta ya huta, sai ya tafi gaban lajnarmu, wato kwamitin dattawan Hausawa da ke tallafa wa yara a karatu da neman aiki, ya zauna ba su labari. Wai Inuwit suna da gwamnatin yankinsu da majalisarsu, yaransu suna karatu da harshensu, har tsofaffi ake ɗauka aiki su shiga aji su koyar da ɗinkin fata da farauta da sanin hanya a kan ƙanƙara. Dattawa suka yi ta jinjina kai. Kafin jirginsa ya tashi sun kafa doka: duk yaron da ke son kujera a ajin koyon sana'a na lajna sai ya zo da dattijo ɗaya daga gidansu, da abu ɗaya na gado da ya koya a hannunsa. Shi ya koma cikin ƙanƙararsa, mu ya bar mu da rana da doka.

Ni kuwa ajin gyaran wayar hannu nake so kamar in mutu, kuma kujera ɗaya tak ta rage ta 'yan mata. Ranar nan ce ta ƙarshe ta miƙa takardar neman shiga. Don haka na shirya dabarata: Kaka ta yi fura, wadda a nan ake kira godogodo, ni in ɗauka in kai in yi murmushi. Wa zai duba tafin hannuna?

Hafila ta farko, ƙaramar bas ɗin nan da ake cusa mutum ashirin a wurin goma, ta ɗauke mu zuwa kasuwar Umdurman. Ba hanyarmu ba ce. Kaka ce ta ce ba za a dama furarta a roba a gaban dattawa ba, sai a ƙwarya, tamu kuma ta tsage tun bara. Kumsari, yaron motar, ya ƙara kuɗi a kan na makon jiya, ya ce man fetur ne. Kaka ta tambaye shi da Larabcinta mai ƙanshin Hausa ko fetur ɗin ne ya cinye rabin kujerar da ta zauna a kai. Motar ta ɗauki dariya, ni na ɗauki kwano na rufe fuska.

Kun san ƙwarya ta fi zinariya wuyar samu a Umdurman? Mun bi layin masu tukwane, mun bi na masu turare inda na yi atishawa har sau goma sha, mun bi na masu takalman fata. Roba ko'ina, ja, shuɗiya, mai fure, mai hoton kaza. A ƙarshe a shagon kayan ado na baƙi muka same ta, an zane ta an shafa mata mai sheƙi an rataye a bango kusa da kan kada. Mai shagon ya faɗi kuɗin da zai saya mini takalmi da canji. Kaka ta ƙwanƙwasa ƙwaryar da yatsa, ta saurara kamar likita, ta ce masa wannan ba ta taɓa ganin nono ba kuma ba za ta gani ba. Wata mai shayi ce a gefen titi ta ji muna Hausa, ta amsa mana da Hausa, ta aika aka ɗauko mana tata daga gida aro. Muka zauna a kan 'yan kujerunta muka sha shayi da madara da zalabiya masu zafi, irin fanken nan nasu. Kafin a kawo ƙwaryar, su biyun sun gano kakanninsu sun yi cirar auduga a gona ɗaya a Jazira. Ni na gano rana ta fito.

Gada ta farko ita ce ta Farin Nilu, zuwa Khartoum, don sakataren lajna yana da shagon yadi a Kasuwar Larabawa, kuma takarda ba ta shiga sai da hatiminsa. Motoci sun cushe a kan gadar har na ga wani mai jaki ya wuce mu, ya dawo, ya sake wuce mu. Daga taga ana hango inda ruwan biyu ke haɗuwa, ɗaya fari-fari ɗaya duhu, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su gauraya ba. Kyakkyawan wuri ne, na yarda. Amma da wuya mutum ya ji daɗin kallo alhali gwiwar wani tana cikin haƙarƙarinsa, ƙwaryar aro tana kan cinyarsa, kakarsa kuma tana tambaya ko ya san sunan abin da ake sa wa fura ta yi ƙanshi. Na ce sukari. Ta juya ta dubi kogin.

Sakataren ya tafi sallar walha, sannan ya tafi gaisuwar mutuwa, sannan aka ce yana hanya. Muna jira na aika wa kawuna saƙon murya mai tsawon huɗuba. Ya amsa yana dariya, ana jin iska tana kuka a bayansa. Ya ce akwai yarinya sa'ata a garinsu, da safe tana koyon na'ura mai ƙwaƙwalwa, da yamma tana zama gaban kakarta tana ɗinka takalmin fatar dabbar ruwa wanda ko ɗigo ba ya shiga, kuma in ɗinkin ya karkace tsohuwar warwarewa take yi gaba ɗaya. Na ce masa a turo mini ita ta tsaya minti goma a ranar Kasuwar Larabawa, mu ga jarumtar. Ya ce ai su ma an taɓa kwashe yaransu zuwa makarantun nesa aka hana su harshensu, shi ya sa yanzu ba sa wasa da abin da tsofaffi suka sani. Sai na kashe wayar.

Hatimi ya bugu bayan azahar. Muka tsaya muka ci ful, wato dafaffen wake, da ta'amiya mai kama da ƙosai a wata rumfa, wake ya sha man riɗi, burodin kuwa ya ƙanƙance har sai da na leƙa ƙarƙashin faranti ko sauran ya faɗi. Na sayi nono mai sanyi na damun fura, muka shiga raksha, keken nan mai ƙafa uku, zuwa tasha. Direban rakshan yana tuƙi kamar wanda aka ce masa gidansu na ci da wuta. Na rungume ƙwarya da hannu ɗaya, Kaka da ɗaya, na bar raina a hannun Allah.

Gada ta biyu ta Shuɗin Nilu ce, zuwa Bahri, garin masana'antu da ƙarar guduma. Lajna tana zama a bayan wani garejin walda na ɗaya daga cikin dattawan. An shimfiɗa tabarmi, dattawa bakwai cikin fararen jallabiyoyi, mata uku a gefe, yara da tsofaffinsu sun yi layi. Wani yaro ya zo da hular da ya ɗinka, wani da yajin agashe. Aka kira ni.

Na dama furar nan da ludayi kamar an haife ni a cikin ƙwarya. Aka zagaya da ita. Nan fa mulkin kai ya tashi. Dattawan da iyayensu suka fito daga gonakin Jazira suka ce citta ta yi daidai. Waɗanda kakanninsu mahajjata ne suka ce fura ta gaskiya sai da kanumfari ya fi haka, haka ake yi a Kano. Wani ya tambaya wa ya taɓa zuwa Kanon a cikinsu. Ba wanda ya taɓa. Aka ci gaba da musu duk da haka, har aka ɗaga hannu aka ƙirga, citta ta ci da ƙuri'a ɗaya. Ina ta murna a zuci, na ce sun manta da ni.

Ba su manta ba. Shugaban lajna ya goge gemunsa ya dubi Kaka.

"Hajiya, wannan aikin hannun jikarki ne?"

"Aikin hannuna ne," in ji Kaka. "Ita ɗauka ta yi. Ta iya ɗauka, ba laifi."

"Kaka!"

"Ke ja'ira, rufe mini baki. In yi ƙarya a gaban mutane saboda waya?"

Ɗaya daga cikin matan ta tashi ta ɗauko faifai da surfaffen gero, ta ce to a ga ko bakace na iya. Na karɓa, na tuna yadda Kaka ke yi, na watsa sama da ƙarfina. Geron ya tafi gabas, dusar ta tafi kan shugaba. Ta sauka a rawaninsa, a gemunsa, a cikin kofin shayinsa. Yaron hular nan ya yi dariya har kakansa ya make shi.

Na tsaya ina kallon ƙasa, hawaye na shirin ba ni kunya, don na san kujerar ta tafi. Akwai wata yarinya a bayana da tabarmar da ta saƙa, ga dukkan alamu da hannunta. Sai Kaka ta gyara mayafinta.

"Alhaji, rabin laifin nawa ne. Kullum ce mata nake tashi ki ba ni wuri, kin cika ɓarna. Ban taɓa cewa zauna ki gani ba. Ku ba ni ita wata ɗaya."

Aka sake musu, aka sake ɗaga hannu. Mai tabarma ta sami kujerar, kuma ta cancanta, ko da yake na ɗauki tsawon tafiyar gida kafin na yarda. Ni kuwa aka ce za a ƙara benci ɗaya a ƙarshen aji, in na dawo bayan wata na yi fura tun daga surfe har damu a gabansu. Shugaba ya rubuta sunana a rajista da fensir. Sannan suka roƙi Kaka ta riƙa zuwa duk Alhamis tana koya wa 'yan mata, da ɗan alawus. Ta yi kamar ba ta so, na kusan daƙiƙa biyu.

Gada ta uku, ta Shambat, ita ta mayar da mu Umdurman da la'asar sakaliya. Muka biya muka mayar wa mai shayi ƙwaryarta, da sauran dunƙulen fura biyu a ciki. Kaka ta yi barci a kafaɗata tun daga kasuwa har Alsawra, sai da na ƙyasta wa kumsari yatsa sau uku kafin ya tsaya. Muna shiga gida ta farka sarai, ta nuna mini turmi.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma yana da nauyi, kamar taɓarya. Na ɗaya, in kawunka ya dawo daga ƙasar waje, kada ka bari ya kusanci dattawa. Na biyu, mutanen da ke yanke wa kansu hukunci suna da jinkiri da musu da ɗaga hannu a kan citta, amma sun san sunan kakarka, ba a yi musu wayo da murmushi. Na uku, na zauna gida ɗaya da Kaka shekara goma sha shida ban san tana da abin da za a ɗauke ta aiki a kansa ba, sai da labari ya zagayo ta ƙasar ƙanƙara.

Yau kwana shida ina daka. Tafin hannuna ya yi bororo uku, da babban yatsa ɗaya nake rubuta muku wannan. Sunana yana nan da fensir a Bahri. Abin goge fensirin kuwa, Kaka shugaba ya ba wa, ta ɗaure shi a bakin zaninta, kuma duk lokacin da na ajiye taɓarya don in duba waya, sai ta kwance shi ta ajiye a kan tabarma inda zan gani.