Ranar da Taubashina Ya Fara Kirana Malam

Ɗan goggona ne, wato taubashina. Goggo tana aure a Ɗanzomo, sai aka kawo shi gidanmu a Gumel ya yi firamare, aka haɗa mu ɗaki ɗaya. Ranar da ya sauko daga bayan akori-kura da ƙullin kayansa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce ashe bawan nasa kunnuwa gare shi kamar faifai. Ni kuma na ce a ɓoye tukunyar tuwo, ƙauye ya shigo gari. Manya suka yi ta dariya, don haka aka san taubasai: abin da bakinka ya ɗauko ka faɗa, ba mai cewa ka yi laifi. Shekara shida muna haka. Abu ɗaya ne muka kasa daidaitawa a kansa, wane ne bawan wani. Shi ya ce ni ne, ni na ce shi ne, kuma ko da wasa bai taɓa kiran sunana ba sai Bawa.

Muna ajin ƙarshe motar majigi ta zo garin. Bayan an gama nuna yadda ake zuba takin zamani, aka sa mana wani fim na mutum biyu masu faɗa da takobi, ɗaya da farar riga, ɗaya da baƙa. Ba mu ji ko kalma ɗaya ta yarensu ba. Mun dai ga duk inda suka haɗu sai sun zare, a kan gada, a kan matakala, har a kan doki, kuma a ƙarshe suka yar da takubban suka rungume juna. Kafin mu isa gida mun gama rabo. Ya ɗauki mai farar riga ba tare da ya tambaye ni ba, wai bawa ba ya zaɓe.

Da karan dawa muka fara. Kara kuwa sara biyu ya karye, sai gardama ta tashi a kan wa ya ci. Ni ne na kawo shawarar langalanga, wannan siririn ƙarfen da ake raba mana ranar Juma'a mu sare ciyawar filin makaranta. Ina so a rubuta wannan yadda yake, don an daɗe ana cewa tsautsayi ne kawai. Tsautsayi ne, amma ni na ɗauko su daga bayan ofishin hedimasta, ni na naɗa musu tsumma a mariƙi, ni na ce wanda ƙarfensa ya fara faɗuwa shi ne bawa har abada.

Da la'asar ne, a bayan makaranta. Ya fi ni tsawo, ya fi ni sauri, yana sara yana yi mini waƙar kunnuwa. Raina ya ɓaci, abin da bai kamata ya faru tsakanin taubasai ba. Na kai sara da ƙarfina duka. Ya tare, bakin langalangata ya lanƙwasa ya zame, ya same shi a idon hagu. Bai yi ihu ba. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu biyu, ƙarfensa kuwa yana kan cinyarsa, bai ma faɗi ba.

Daga asibitin Gumel aka wuce da shi Kano. Bayan wata guda ya dawo ba idon. Bai koma makaranta ba, aka mayar da shi Ɗanzomo ya kama noma. Mahaifina ya kai ni can in nemi gafara. Goggo ta hana ni durƙusawa, ta ce ba a shari'a tsakanin taubasai, wasa ne ya zo da ƙaddara. Shi ma ya ce ya yafe, a gaban kowa, ba tare da an matsa masa ba. Na koma gida da murna, don wauta ta sa na ɗauka an gama.

Da sallah na je da tsokanata a baki. Tun daga zaure na ɗaga murya ina tambayar ina bawana ya shiga. Ya fito, ya shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ya kawo ruwa a kwanon sha, ya koma gefe ya zauna a ƙasa.

"Sannu da zuwa, Malam. Ya mutanen gida?"

Na yi dariya ina jiran sauran maganar. Babu saura. Haka muka yini, ina jefa masa magana yana amsawa da ladabi, kamar ni baƙo ne da ya zo daga ofishin haraji. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Na gama makarantar horon malamai aka tura ni koyarwa Sule Tankarkar, kusa da shi, na riƙa zuwa a kan keke. Na kai masa goro, na kai masa yadi. Kullum tabarma, kullum ruwa, kullum Malam. Na ce wa kaina rashin idon ne ya kashe masa wasa gaba ɗaya, na ma ji tausayinsa a kan haka.

Sai wata Alhamis a kasuwar Maigatari na hango shi a wajen 'yan tumaki. Wani taubashinsa ta wajen uba ya zo ta hagunsa, inda ba ya gani, ya fizge masa hula yana kiransa mai fitila ɗaya. Na tsaya cak, ina jiran faɗa. Sai na ji dariyar nan tasa da na yi shekaru ban ji ba. Ya bi mutumin da sanda cikin tumaki yana zaginsa, har rawanin wani dillali ya kwance. Yana juyowa ya gan ni. Ya gyara riga, ya miƙo mini hannu biyu.

Na riƙe hannun ban saki ba. Na ce, "Don girman Allah ka zage ni, ko sau ɗaya."

Ya dube ni da idon da ya rage, ba fushi a cikinsa ko kaɗan.

"Haba Malam, ni wa in zage ka? Ai na yafe tun tuni."

Ya zare hannunsa a hankali, ya tambaye ni ko rago na zo saya.