Sunan da ke Gefen Takarda

Mun tashi daga Jos da asubar Talata, ni da ɗan baffana, kwana uku bayan matata ta haifi mace. Suna ranar Asabar, kuma Baba ya ce sunan mahaifiyarsa yake so a sa. Matsalar ita ce shi kansa bai san sunanta na yanka ba. Ta rasu yana goye, aka kawo shi Jos wajen kawunsa, kowa 'Yar Malam yake ce mata, waɗanda suka san sunan kuma duk sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya sani shi ne mahaifinsa ya rubuta ranar haihuwarsa da sunan uwar a gefen wani littafin fiƙihu, kamar yadda malaman da suke yi. Littafin yana unguwar Kabara, can cikin tsohon birni, a hannun wani tsohon ɗan uwansa da ba ya barin ko warƙa ɗaya ta fita daga gida. Ciwon ƙafa ya hana Baba tafiya. Ya ce mu ɗauko masa hoton kowane shafi, shi zai gane hannun ubansa.

Kyamarar ta ɗan baffana ce, sabuwar yayi ta dijital wadda ba ta cin fim. Tun daga tasha yake yabonta, yana karanta mini lambobin jikin kwalin, har muka kai Saminaka bai yi shiru ba. Nan na saya masa gasasshiyar masara don bakinsa ya samu wani aikin. Hanya dai tana nan yadda kuka san ta. Sojoji sun koma bariki, amma shingaye ba su bi su ba, 'yan sanda ne suka gaje su. Abin da ya ƙaru shi ne fastocin 'yan takara, har a jikin bishiyar kuka.

Mun shiga birni da azahar. Mota ta ajiye mu a bakin titi, muka bi lungu da ƙafa, muna kauce wa kwata da masu acaɓa. Tsohon ya karɓe mu a zaure, aka kawo fura mai sanyi. Sai da muka gama gaisuwa har kan kakanni, sannan ya fito da littafin cikin gafaka. Warƙoƙi ne a warwatse, sun yi ja, gefensu cike da ƙananan rubutu na hannuwa daban-daban. Idonsa ya yi rauni, ba ya ganin ƙananan, ni kuwa ɗan boko ne, irin wannan rubutun ya fi ƙarfina.

"Zuwa la'asar," in ji shi. "Kuma ban da lasar yatsa."

Ɗan baffana ya miƙe tsaye yana ƙyasta hoto, shafi guda a kowane ɗauka, yana nuna mini ɗan allon bayan kyamarar. A nan kam komai raɗau. Muka gama kafin kiran salla, muka tafi wajen kasuwar Kurmi muka ci gurasa bandashe, ya ji yaji da ƙuli, kuma ya fi na Jos araha nesa ba kusa ba.

Allah ne ya sa na ce mu duba kafin mu bar gari. Muka shiga shagon wani dattijo mai hoto da ya sayi kwamfuta kwanan nan. Da ya buɗe hotunan ya ƙara musu girma, tsakiyar shafi ta fito ana iya karantawa. Gefe kuwa, inna lillahi! Rubutun ya narke kamar an ɗiga masa ruwa. Duk shafukan haka. Wallahi, abin da muka zo nema kuwa duk a gefe yake.

Ɗan baffana ya fara kawo lambobin kwali. Dattijon ya juya kyamarar ya nuna masa idonta.

"Alhaji ƙarami, dubi gilashin nan, bai fi ƙwayar wake ba. Irinsa tsakiya kawai yake gani da kyau. Ga zaure da duhu, ga hannu yana rawa. Lambar kwali ba ta gyara abin da gilashi ya ɓata."

Ya ce mu nemi haske a inuwa, mu matso kusa, mu bar jawo hoto daga nesa, mu dogara hannu a kan wani abu, sannan mu sa gefen takardar ya zama shi ne tsakiyar hoto. Ɗan baffana bai sake yabon kyamara ba har muka kwana.

Da hantsin Laraba muka koma Kabara. Tsohon bai ji daɗin ganinmu ba.

"Jiya ba ku ɗauka ba? Takardar nan ta girmi ubanninku, ba ta son yawan juyi."

Ni ba gwanin roƙo ba ne, sai na faɗa masa gaskiya: Baba ya haura saba'in, bai taɓa kiran uwarsa da sunanta a addu'a ba. Tsohon ya jawo gafakar. Can ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwar katanga, ya ce shi zai riƙa juya warƙoƙin da kansa. Aka kifa turmi, ɗan baffana ya ɗora gwiwar hannu a kai, muka bi gefe-gefe, sama da ƙasa, dama da hagu. Sau uku kyamarar tana cika, ina rugawa shagon dattijo a sauke, a duba. Wannan karon har gashin alƙalami ana gani.

Mun iso Jos bayan magariba, jiki duk ya yi tsami. Washegari ɗan baffana ya ɗauko kwamfutar ofishinsu ya kafa ta a ɗakin Baba. Baba ya sa tabarau, yana cewa "wuce, wuce" kusan awa guda. Sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Ƙara masa girma."

Layi biyu ne a kwance a kusurwar ƙasa, daidai inda hoton farko ya fi lalacewa. Ya bi su da yatsa a jikin gilashin kwamfutar. Ya ce, "Safiyatu." Ya sake faɗa a hankali, sannan ya ce mu ba shi wuri.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. In za ku sayi kyamara, ku dubi gilashinta kafin kwalinta, kada ku yarda da ɗan allon baya, kuma abin da kuka zo dominsa ku sa shi a tsakiya. Ranar Asabar liman ya raɗa sunan, maroƙi ya shelanta shi sau ɗaya, shi ke nan. Sunan uwar maigida ne, ba mai iya kamawa a gidanmu, Ummi kowa yake ce wa yarinyar. Ni dai nakan ji shi ne kawai in na wuce ta ƙofar Baba bayan ya idar da salla.