Wasiƙar da Ba Modu Bai Ƙona Ba

Modu Zarami, wanda kowa ke kira Ba Modu, ya yi shekara ashirin da biyu yana buga tafireta a wani ofishin aikin gona a Gashua. Gajere ne, ba ya son yawan magana, kuma kullum da ashana a aljihunsa ko da yake ba ya shan taba. Duk ma'aikacin da ke neman hutun jinya, wurinsa yake zuwa ya faɗi ciwonsa a buga masa wasiƙa. Da an tashi aiki, sai Ba Modu ya kwashe takardun kabon da ya yi amfani da su, ya zagaya bayan ofis ya ƙona, ya bi tokar da ƙafa. Shi ya sa mutane ke faɗa masa abin da ba sa faɗa wa 'yan ɗakinsu.

A 2002 aka kawo wa ofis kwamfuta guda ɗaya. Wanda ya haɗa ta ya nuna masa wurin da zai riƙa dannawa a kai a kai, don kada ɗaukewar wuta ta tafi da aikinsa. Ba Modu ya riƙe wannan kamar karatu. Idan wasiƙa ta fito daga firinta, sai ya ƙona wadda ta lalace, ya kashe kwamfutar, ya rufa mata zane. A ganinsa, tunda fuskarta ta yi baƙi, rubutu ya tafi.

Ni na kama aiki a wurin bayan shekara biyu, ban daɗe da dawowa gida ba. Makonni kaɗan bayan haka aka kawo sabon shugaba, Alhaji Saleh, janareto kuma ya ƙona wani abu a cikin kwamfutar. Alhaji ya ce in kai ta Nguru gyara, idan ta dawo a buga masa duk abin da ke ciki, yana son ya san ofishin da ya gada.

"Me ke ciki?" Ba Modu ya tambaye ni da muka fito. "Ai babu komai."

"Duk abin da ka taɓa bugawa yana nan, Baba."

Ya tsaya cak. "Duka?"

"Tun daga ranar farko."

Ranar bai zauna ba. Ya ɗaga zanen ya mayar, ya fita bayan ofis ya dawo, ya fito da ashana ya juya ta a hannu. Daga ƙarshe ya ja ni ƙarƙashin bishiyar maina, wato darbejiya, ya faɗa min abin da ke damunsa.

Akwai Ya Asta, mai shara, wadda ita ce kuma ke dafa wa ma'aikata shayi. Watanni bakwai da suka wuce likita ya ga wani tabo a bayanta ya ce farkon kuturta ne, ya ɗora ta a kan magani, ya tabbatar mata ba za ta shafa wa kowa ba. Ba Modu ne ya buga mata wasiƙar neman kwana ɗaya duk wata don karɓo magani. Tsohon shugaba ya karanta, ya amince, ya mayar mata da takardarta. Ba ma'aikaciyar dindindin ba ce. Ranar da wani ya ji kalmar nan, ba wanda zai sake karɓar kofi daga hannunta, kuma kalma ɗaya ta Alhaji ta isa ta sallame ta. (Yanzu ita da bakinta take ba da labarin, ita ce ma ta ce in rubuta.)

Washegari na tarar da Ba Modu a tasha ya riga ni. Ya ƙi yarda a saka kwamfutar a but ɗin mota, a cinyarsa ya ɗora ta. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya ƙara ƙanƙame ta. Wajen Jajimaji wani fasinja ya ce, "Baba, jaririn nan naka bai yi kuka ba tun daga Gashua." Bai yi dariya ba.

Shagon Haisam mai gyara yana kusa da kasuwar Nguru, warin busasshen kifi har ciki. Ya ce mu bar ta mu dawo jibi.

"A nan zan zauna," in ji Ba Modu.

"Baba, ko asibiti ai ana barin mara lafiya ya kwana."

"Ana barinsa da mai jinya."

Haisam ya yi dariya ya ɗauko sukundireba. Ba Modu bai ci abinci ba. Da zai tafi sallar azahar sai da ya sa ni na zauna a kujerarsa. Bayan la'asar fuskar kwamfutar ta kawo haske.

"Ɗana, nuna min yadda ake gogewa, sannan ka juya baya."

Haisam ya nuna masa da wani fayil na banza, muka fuskanci ƙofa mu biyu. Muna jin dannawarsa, a hankali, yatsa ɗaya. Ba wasiƙar Ya Asta kaɗai ya goge ba. Da ta mai gadi, da ta direba, da ta duk wanda ya taɓa kawo masa ciwonsa.

"Na gama."

"Saura kwandon sharar kwamfutar," in ji Haisam, bai juyo ba. "Abin da ka goge can yake tafiya."

"La ilaha illallahu! Wannan wace irin halitta ce, ba ta mantuwa?"

Aka zubar da kwandon. Ya tambaya ko akwai wani kwandon a bayan wannan. Haisam ya ce ko da akwai, ba wanda zai iya buɗewa a Gashua.

Na so mu ce wa Alhaji wuta ce ta cinye takardun. Ba Modu ya ƙi. Ya shiga ofishinsa da safe ya ce, "Ranka ya daɗe, wasiƙun jinya ni na goge su. Masu su ba su ba ni don in ajiye ba."

"Kayan ofis ne, Malam Modu. Na waye da waye?"

"Shi ne abin da na goge, ranka ya daɗe."

An ba shi takardar tuhuma, wadda shi da kansa ya buga. Kafin wata ya ƙare aka mayar da shi reshen Yusufari, inda babu kwamfuta, kuma can ya yi ritaya. Ya Asta ta gama maganinta, ta ƙara shekara tara tana dafa mana shayi.

Na kai masa ziyara sau ɗaya a Yusufari. Muna gaisawa, tun kafin ya tambayi iyali, ya ce, "Malam Hashim, yaron nan na Nguru cewa ya yi ba wanda zai iya buɗewa a Gashua. To, idan aka kai ta Damaturu fa?"